Yadda Ake Feɗe Babbar Lamba: Jagora da 18,446,744,073,709,551,615

Lambar da za mu yi aiki da ita ke nan: 18,446,744,073,709,551,615. In za ka karanta ta da baki, kwintiliyan 18 ce, da kwadiriliyan 446, da tiriliyan 744, da biliyan 73, da miliyan 709, da dubu 551, da 615.

Tsohuwar lamba ce. Ibn Khallikan, alƙali kuma masanin tarihi na ƙarni na 13, ya kawo labarin wani mutumin Indiya da ya ƙirƙiro wasan ces, sarki ya ji daɗi ya ce masa ya faɗi tukuicin da yake so. Sai ya ce a sa masa ƙwayar alkama 1 a gidan farko na allon, 2 a na biyu, 4 a na uku, a yi ta ruɓanyawa har gida na 64. Tun kafin Ibn Khallikan, al-Biruni ya riga ya lissafa jimillar, kuma ya samu wannan adadi daidai. A zamaninmu kuwa, ita ce lamba mafi girma da kwamfuta ke iya ajiyewa a gurbi guda mai bit 64.

A ce an miƙo maka ita an ce ka faɗi halayenta: alƙalumanta nawa, waɗanne lambobi ne ke raba ta ba saura, guda nawa ne su, ko murabba'in wata lamba ce, wato wata lamba da aka ninka da kanta. Yawancin mutane kalkuleta za su jawo su fara gwada 2, 3, 5, 7 ɗaya bayan ɗaya. Hanyar tana ɓullewa, amma a wannan lambar sai ka yi rabawa 6,543 kafin ka kai ƙarshe. Mahauci ba ya saran ƙashi a tsakiya, gaɓa yake lalube ya sa wuƙa. Haka za mu yi wa lambar nan, kuma rabawar da za mu yi ba za ta kai ashirin ba.

Kayan aiki: takarda, biro, da kalkuleta mai nuna alƙaluma 10 ko 12. Duk inda ka ga 2^64, ana nufin a jera 2 guda 64 a ninka su da juna. Lambar da ba abin da ke raba ta sai 1 da ita kanta, wadda ɗalibai suka sani da firam, a nan gagara-rabo za mu riƙa kiran ta.

Mataki na 1: Nemo asalinta kafin ka taɓa alƙalumanta

Dubi gidajen farko na allon. 1 da 2 sun ba da 3, wato 4 ba 1. Ƙara 4, ka samu 7, wato 8 ba 1. Ƙara 8, ka samu 15, wato 16 ba 1. Kullum jimillar abin da ke baya tana gaza abin da ke gida na gaba da ƙwaya ɗaya tak. Gida na 64 yana ɗauke da 2^63, wato 9,223,372,036,854,775,808. Da akwai gida na 65, da 2^64 zai ɗauka. Ashe jimillar allon duka ita ce 2^64 − 1.

Wannan ɗan gajeren rubutu, 2^64 − 1, ya fi alƙaluman nan ashirin amfani nesa ba kusa ba. Kusan duk abin da za mu gano daga jikinsa zai fito.

In lamba ta zo maka ba labari a bayanta, ka ƙara mata 1, ka ɗebe mata 1, ka ga ko za ta faɗa kan wani adadi da ka sani. Yana da kyau ka haddace turaku uku: 1,024 da 65,536 da 4,294,967,296, wato 2^10 da 2^16 da 2^32. Lambar da ta ƙare da jerin sifili masu yawa, sau da yawa daga ninka 1 × 2 × 3 × 4 zuwa wani wuri ta fito. Wadda alƙalami ɗaya ke ta maimaituwa a cikinta kuma, dangin 10 ce da aka ninka aka ɗebe 1.

Mataki na 2: Auna girmanta

Hanyar ka ita ce wannan: 2^10 ta ɗara 1,000 da kaɗan. To 2^60 tamkar 1,000 ce sau shida a ninke, wato 1 da sifili 18. Saura 2^4, wato 16. Ke nan lambar ta kusa 16 mai sifili 18 a bayanta, alƙaluma 20. Ɗan ɗorin nan na 24 da muka yi watsi da shi yana taruwa: 1.024 a ninke sau shida ta kai kusan 1.153, kuma 16 × 1.153 ta ba da 18.45. Ga farkon lambarmu ya fito.

Hanyar da ta fi tsafta ita ce ta logaridim. Logaridim na 2 kusan 0.30103 ne. Ninka shi da 64, ka samu 19.27. Yar da abin da ke bayan ɗigo, ka ƙara 1: alƙaluma 20. Ɗebe 1 da aka yi bai canza komai ba, domin ba yadda za a yi ninkin 2 zalla ya zama 10 ko 100 ko 1,000 cif.

Sai dai a nan akwai rami. Gagara-rabo mafi girma da aka gano a Oktoban 2024, ta hannun Luke Durant a ƙarƙashin GIMPS, shirin neman manyan gagara-rabo da kwamfutoci ta intanet, ita ce 2^136,279,841 − 1. In ka yi aiki da 0.30103, za ka samu 41,024,320.5, ka ce alƙalumanta 41,024,321 ne. Ka yi kuskure da ɗaya. Ainihin logaridim ɗin 0.30102999566 ne, sakamakon kuma 41,024,319.9, don haka alƙaluman 41,024,320 ne. Ƙa'idar da za ka riƙe: alƙaluman logaridim ɗinka su fi na lambar da kake ninkawa da ita yawa, da aƙalla biyu ko uku.

Alƙaluma 20 ba sa gaya wa zuciya komai sai an kwatanta su da abin da aka sani. Shekara tana da daƙiƙa kusan 31,557,600. In ana ƙirga ɗaya a kowace daƙiƙa ba tsayawa, sai an shafe shekara biliyan 584 da ɗoriya, alhali masana sararin sama suna ƙiyasta shekarun halittar sammai da taurari a kan biliyan 13.8. Wannan lissafin ne ke bayan wasan Hasumiyar Hanoi da Bafaranshe Édouard Lucas ya fitar a 1883: ana kwashe faifai ɗaya-ɗaya daga sanda zuwa sanda, kuma faifai 64 suna buƙatar motsi 2^64 − 1. Alkamar sarki kuwa, in muka ɗauka kowace ƙwaya nauyinta 0.04 na giram, ta kai tan biliyan 738. Duniya gaba ɗaya tana noma abin da ya kusa tan miliyan 800 a shekara, ke nan noman sama da shekara 900.

Mataki na 3: Fitar da ita da hannunka

Kada ka ruɓanya sau 63. Riƙa ninka kowane sakamako da kansa: 2, 4, 16, 256, 65,536, 4,294,967,296. Ninki biyar ke nan, ka iso 2^32. Na shida ne zai kai ka 2^64, kuma shi ne ya fi ƙarfin kalkuleta. Sai ka tsaga 4,294,967,296 gida biyu: 42,949 a gaba, 67,296 a baya. Yi ninki uku, kowanne yana shiga fuskar kalkuleta:

42,949 × 42,949 = 1,844,616,601, ka ƙara masa sifili 10.
2 × 42,949 × 67,296 = 5,780,591,808, ka ƙara masa sifili 5.
67,296 × 67,296 = 4,528,751,616, ka bar shi yadda yake.

Jera su a takarda ka tara. Na farko da na biyu sun ba da 18,446,744,069,180,800,000. Ɗora na uku, ka samu 18,446,744,073,709,551,616. Ɗebe 1.

Mataki na 4: Ƙananan gwaje-gwaje, ta hanya biyu

Alƙalamin ƙarshe 5 ne. Mara ce ke nan, 2 ba ta raba ta, 5 kuma tana raba ta. Biyun ƙarshe 15 ne, don haka 25 ba ta shiga. Tara alƙaluman ashirin, ka samu 87. Tunda 87 ita ce 3 × 29, to 3 tana raba lambar. Amma 9 ba ta raba 87, saura 6 take bari, lambar ma haka.

Ga 7 da 11 da 13 akwai dabara guda da ke ɗaukar su a tare, saboda 7 × 11 × 13 = 1,001. Ɗauki rukunan uku-uku daga dama, kana tarawa kana ɗebewa bi da bi: 615 − 551 + 709 − 73 + 744 − 446 + 18 = 1,016. Duk saurar da 1,016 ta bari, ita babbar lambar za ta bari. A hannun 7 saura 1, a hannun 11 saura 4, a hannun 13 saura 2. Ba wadda ta shiga.

Yanzu sake yin gwajin ba tare da duban alƙaluman ba sam. Wannan ita ce dabarar da sauran aikin zai dogara a kanta, don haka ka natsu a nan. Riƙa ruɓanya 2, amma duk sanda ka kai ko ka wuce lambar da kake gwadawa, ka raba ka riƙe saura kawai. Da 7: 2, 4, sai 8 wadda saurarta 1. An dawo 1 bayan taku 3, daga nan zagaye ne kawai. Taku 63 zagaye 21 ne cif, taku na 64 ya faɗa kan 2. Ɗebe 1, saura 1. Ya yi daidai da abin da alƙaluma suka nuna. Da 9, zagayen taku 6 ne: 2, 4, 8, 7, 5, 1. Taku na 64 daidai yake da na 4, wato 7, ɗebe 1, saura 6. Da 11 zagayen taku 10 ne, da 13 taku 12 ne, kuma za ka samu 4 da 2 kamar ɗazu.

Amfanin yin abu biyu shi ne, in ka yi kuskure wajen tarawa a mataki na 3, da wuya saurar 7 da 9 da 11 da 13 duka su dace. Tunda sun dace, hankalinka ya kwanta da alƙaluman.

Akwai kuma wani abu da ya fito fili. Gagara-rabo tana raba 2^64 − 1 ne kawai in tsawon zagayenta yana raba 64 ba saura, wato in zagayen taku 2 ne, ko 4, 8, 16, 32, ko 64. Ta 7 mai taku 3 ce, ta 11 mai taku 10, shi ya sa suka faɗi. Ta 3 mai taku 2 ce, ta 5 mai taku 4, shi ya sa suka shiga.

Mataki na 5: Tsaga ta a gaɓoɓinta

Ka tuna ƙa'idar da ake koyarwa a ƙaramar sakandare: murabba'in lamba in an ɗebe masa 1, daidai yake da lambar ba 1 sau lambar da 1. Misali 99, wato 100 ba 1, ita ce 9 × 11. To 2^64 murabba'in 2^32 ce. Saboda haka:

2^64 − 1 = 4,294,967,295 × 4,294,967,297
4,294,967,295 = 65,535 × 65,537
65,535 = 255 × 257
255 = 15 × 17
15 = 3 × 5

Ba rabawa ko ɗaya da muka yi, ga gutsure shida a hannu: 3, 5, 17, 257, 65,537 da 4,294,967,297. Tun daga nan ka san lambar ba gagara-rabo ba ce. Dama lambar da ke da sifar 2^n − 1 ba ta zama gagara-rabo sai in n ɗin kanta gagara-rabo ce, ko hakan ma ba tabbas: 2^61 − 1 gagara-rabo ce, amma 2^67 − 1 ba ita ba ce, kamar yadda Frank Cole ya nuna a 1903 da ya rubuta ta a matsayin 193,707,721 × 761,838,257,287.

Mataki na 6: Gutsuren da ya ruɗi Fermat

A nan aikin yake. Gutsuren shida duka sifarsu ɗaya: 2^1 + 1, 2^2 + 1, 2^4 + 1, 2^8 + 1, 2^16 + 1, 2^32 + 1. Ana kiran su lambobin Fermat. Pierre de Fermat, lauya ne a Faransa da ya ɗauki lissafi abin sha'awa, ya ga biyar na farko duka gagara-rabo ne, sai a 1640 ya bayyana cewa yana ganin duk dangin haka suke, duk da ya ce bai da cikakkiyar hujja. Zaton ya zauna kusan shekara 90. A 1732 Leonhard Euler ya nuna cewa 641 tana raba ta shidan.

Tambayar mai amfani ita ce, ta yaya kai za ka samo 641 ba tare da an gaya maka ba? Tushen murabba'in 4,294,967,297 ya ɗara 65,536 da ɗan kaɗan, kuma akwai gagara-rabo 6,542 a ƙasa da haka. Ba za mu gwada su duka ba. Mu koma zagayen nan na mataki na 4.

A ce wata gagara-rabo p tana raba 2^32 + 1. To a taku na 32 saurar ba 1 ba ce, p ba 1 ce. In ka ninka wannan saurar da kanta, a taku na 64 ka dawo 1. Tsawon zagayen dole ya raba 64, amma bai raba 32 ba, ke nan 64 ne cif. Fermat da kansa ya bar mana ƙa'idar da ke cewa tsawon zagaye kullum yana raba p − 1. Ashe p tilas ta zama ninkin 64 da ɗorin 1. Abin mamaki, makamin da zai rushe zatonsa yana hannunsa, bai dai yi amfani da shi a nan har ƙarshe ba.

Jera 'yan takarar: 65, 129, 193, 257, 321, 385, 449, 513, 577, 641. Cire waɗanda ba gagara-rabo ba, saura 193, 257, 449, 577, 641. Gwaji na biyar ya ci. Lucas, mai Hasumiyar Hanoi, ya ƙara matse ƙa'idar a 1878, ya nuna cewa ninkin 128 da ɗorin 1 ne. Da wannan, 257 da 641 kaɗai suka rage, gwaji na biyu ya ci:

4,294,967,297 = 641 × 6,700,417

Akwai wata hujja gajeriya da ta cancanci ka bi ta da biro, don tana da daɗi. Lambar 641 fuska biyu gare ta. Ita ce 640 da 1, wato 5 × 2^7 + 1. Ita ce kuma 625 da 16, wato 5^4 + 2^4. Fuskar farko tana cewa, a lissafin saura na 641, 5 × 2^7 tamkar −1 take. Ninka wannan da kansa sau huɗu: 5^4 × 2^28 tamkar 1. Fuska ta biyu tana cewa 5^4 tamkar −2^4 take. Sa wannan a madadin 5^4, ka samu −2^32 tamkar 1. Ke nan 2^32 + 1 ba ta barin saura a hannun 641.

Kada ka tsaya nan. Kuskuren da aka fi yi shi ne a samu rabo ɗaya a ɗauka ragowar gagara-rabo ce ba a gwada ba. Dole mu tuhumi 6,700,417. Tushen murabba'inta yana tsakanin 2,588 da 2,589, domin 2,588 × 2,588 = 6,697,744, ita kuma 2,589 × 2,589 ta wuce. In tana da mai raba ta, to akwai guda a ƙasa da 2,589, kuma shi ma ninkin 128 ne da ɗorin 1, tunda duk abin da ya raba ta ya raba uwarta. 'Yan takara 20 ne, daga 129 zuwa 2,561. Goma sha biyar suna faɗuwa da ƙananan gwaje-gwaje, irin su 1,537 da ke 29 × 53, da 1,921 da ke 17 × 113. Biyar suka tsaya, ga abin da rabawa ta nuna: 257 ta bar saura 170, 641 ta bar 44, 769 ta bar 120, 1,153 ta bar 334, 1,409 ta bar 622. Ba wadda ta shiga. 6,700,417 gagara-rabo ce.

Ita 65,537 aikinta rabawa ɗaya ne. 'Yan takararta ninkin 64 ne da ɗorin 1 da ba su wuce 256 ba: 65, 129, 193. Ta ƙarshen ce kaɗai gagara-rabo, kuma ta bar saura 110. Ita 257 kuma ka gwada ta da 3, 5, 7, 11, 13, ka gama.

Ga lambar a feɗe:

18,446,744,073,709,551,615 = 3 × 5 × 17 × 257 × 641 × 65,537 × 6,700,417

Zaton Fermat kuwa bai sake tashi ba. Har yau ba a gano wata lambarsa da ta zama gagara-rabo bayan 65,537 ba.

Mataki na 7: Karanto sauran halayen daga gaɓoɓin

Gaɓoɓi bakwai ne, ba wadda ta maimaitu. Duk lambar da ke raba tamu, ana samun ta ne ta hanyar ɗaukar wasu daga cikin bakwan a ninka. Kowace gaɓa ko a ɗauke ta ko a bar ta, zaɓi biyu sau bakwai: 2^7, wato masu raba ta 128 ne, har da 1 da ita kanta. Da wata gaɓa ta maimaitu sau biyu, da zaɓinta uku ne, sai ka sa 3 a gurbin 2.

Jimillar waɗannan 128 ba sai ka jera su ba. Ƙara wa kowace gaɓa 1 ka ninka: 4 × 6 × 18 × 258 × 642 × 65,538 × 6,700,418 = 31,421,980,989,189,888,768. Cire lambar kanta, saura 12,975,236,915,480,337,153, wanda bai kai ta ba. Tun zamanin Girkawa ake kasa lambobi uku ta wannan fuska: kammalalliya irin 6 da 28, wadda masu raba ta suka tashi daidai da ita, da wadda suka zarce ta, da wadda suka gaza. Tamu cikin masu gazawa take. In amsar nan kaɗai kake so, ba ka buƙatar dogon ninki: 4/3 × 6/5 × 18/17 ta ba da 1.694, sauran gaɓoɓin manya ne, da ƙyar suka tura ta zuwa 1.703, kuma sai an wuce 2 ake zarcewa.

In ka ɗebe wa kowace gaɓa 1 maimakon ƙarawa, za ka samu yawan lambobin da ke ƙasa da ita waɗanda ba su haɗa mai rabawa da ita ba: 9,208,981,628,670,443,520, ƙasa da rabi da ɗan kaɗan.

Murabba'i ce? A'a. Murabba'in da ya ƙare da 5 dole ya ƙare da 25, tamu da 15 ta ƙare. To ko za a iya rubuta ta a matsayin jimillar murabba'i biyu, kamar yadda 13 take 4 da 9? Dubi saurarta a hannun 4. Biyun ƙarshe, 15, sun bar 3. Murabba'i kuwa 0 ko 1 kawai yake bari a hannun 4, biyu daga ciki ba za su taɓa haɗa 3 ba. Murabba'i uku fa? Dubi ukun ƙarshe, 615, a hannun 8: saura 7. Murabba'i yana barin 0 ko 1 ko 4 ne a hannun 8, kuma duk yadda ka haɗa uku daga cikinsu ba za su ba da 7 ba. Lagrange ya tabbatar a 1770 cewa murabba'i huɗu sun ishi kowace lamba. Tamu tana cikin masu taurin kan da sai an kai huɗun.

Wani abu da na fi so a jikinta ya shafi zane. A 1796 Gauss, yana ɗan shekara 18, ya gano cewa ana iya zana sura mai gefe 17 daidai wa daida da rula da kamfas kaɗai. Ƙa'idar da shi da Pierre Wantzel, a 1837, suka kammala tana cewa sura mai gefe mara tana zanuwa ne kawai in yawan gefen ninkin gagara-rabo na Fermat ne mabambanta. Rabin allon ces na farko, 4,294,967,295, ninkin biyar ɗin da aka sani ne duka, don haka ita ce lamba mara mafi girma da aka san surarta tana zanuwa. Allon gaba ɗaya kuwa ba ya zanuwa, 641 ta ɓata lissafin.

Mataki na 8: Duba aikinka da kwamfuta, amma ka san wadda za ka tambaya

Ba kowace manhaja ce ke riƙe alƙaluma 20 ba, kuma waɗanda ba sa riƙewa ba sa yi maka gargaɗi. Excel alƙaluma 15 yake ajiyewa, sauran ya mayar da su sifili. In ka gwada rabawa da abin da ya ba ka, wata lambar daban kake gwadawa. JavaScript ma lissafinsa na yau da kullum tabbatacce ne kawai zuwa 9,007,199,254,740,991. Rubuta masa 2**64 - 1, ya ba ka 18446744073709552000, amsar da zai bayar ko ba ka ɗebe 1 ba. Sai ka rubuta 2n**64n - 1n kafin ya faɗi gaskiya.

Python ba shi da wannan matsalar. Rubuta 2**64 - 1 ka ga alƙaluman ashirin cif. Rubuta pow(2, 32, 641) ka ga 640, hujjar Euler ke nan a layi ɗaya. A Linux, umarnin factor da lambar a gabansa zai jero maka gaɓoɓin bakwai nan take.

A tsarin kwamfuta na sifili da ɗaya, lambar nan 1 ce guda 64 a jere, ba sifili ko ɗaya. A tsarin goma sha shida da masu rubuta manhaja ke amfani da shi, F ce guda 16. In aka ƙara mata 1 a gurbi mai bit 64, komai ya kife ya koma 0. In aka ɗebe 1 daga 0 kuma, ita ke fitowa. Saboda haka duk ranar da wata manhaja ta nuna maka 18446744073709551615 a matsayin girman fayil ko yawan wani abu, kusan kullum −1 ce aka karanta ta gurbin da bai san lamba ƙasa da sifili ba.

Gwada hannunka a kan maƙwabciyarta

Ƙara wa lambarmu 2, ka samu 2^64 + 1, wato 18,446,744,073,709,551,617. Matakai na 2 da na 3 ba su canza ba. A na 4 za ka ga 3 da 5 duk sun faɗi, kowace ta bar saura 2. Mataki na 5 ba ya aiki, domin tarawa ce ba ɗebewa ba. Abin da ya rage shi ne hujjar zagaye: tsawonsa yanzu 128 ne, ƙa'idar Lucas kuma ta ce mai raba ta ninkin 256 ne da ɗorin 1. Wannan karon ka bar Python ya yi wahalar: sa k ta tashi daga 1, a kowane taku ka duba ko pow(2, 64, 256*k + 1) ta yi daidai da 256*k. Zai tsaya a k = 1,071, wato 274,177. Fortuné Landry ya wallafa wannan rabon a 1880 bayan ya yi aikin da hannu, ragowar kuma 67,280,421,310,721 ce. Tushen murabba'inta ya ɗan haura miliyan 8.2, don haka 'yan takarar da za ka gwada don tabbatar da cewa gagara-rabo ce sun kai dubu 32, aikin da kwamfutarka za ta gama kafin ka ɗauke hannu daga madannai.